Bishara a Bakin Girkawa: Abin da Ikilisiyar Farko Ta Ara Daga Falsafa da Abin da Ta Ƙi

Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya yi wa'azinsa ne a ƙauyukan Galili da harshen Aramaik, kuma almajiransa na farko masunta ne da mai karɓar haraji, mutanen da ba su da wata alaƙa da makarantun falsafa. Kimanin shekara 300 bayan haka, a 325, bishop-bishop fiye da 250 suka hallara a garin Nikiya, wanda yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya, suka sa hannu a kan wata ƙa'idar bangaskiya wadda ginshiƙinta kalma ce da babu ita a Tsohon Alkawari, babu ita kuma a Sabo, sai dai a bakin masu bincike kan zatin abubuwa. Har yau ana karanta wannan ƙa'ida, a siffar da aka faɗaɗa ta a 381, ranar Lahadi a cocin Katolika da na Angilikan, a Kaduna da Jos kamar yadda ake karanta ta a Rum. Abin da ya daɗe yana raba kan masana shi ne mene ne ya auku tsakanin Galili da Nikiya.

Amsar da ta fi shahara ta fito ne daga Adolf von Harnack, masanin tarihin ikilisiya ɗan Jamus wanda ya rasu a 1930. A ganinsa, aƙidun da majalisu suka tsara aikin ruhun Girkawa ne da aka gina a filin Bishara, har ginin ya danne saƙon farko mai sauƙi. Wannan ra'ayi ya samu karɓuwa a wurin wasu Kiristoci masu son komawa tushe, ya kuma samu karɓuwa a wurin masu sukar Kiristanci daga waje, kowa da dalilinsa. Ni dai ina ganin rabin maganar gaskiya ne, rabin kuma ya kauce. Gaskiya ne falsafa ce ta ba ikilisiya kalmomin da ta yi tunani da su, ita ce kuma ta jefa mata tambayoyin da ba ta iya kauce musu ba. Amma duk inda muhawara ta kai maƙura, wato a kan halittar duniya, da matsayin Ɗa, wato Yesu, a wurin Allah Uba, da makomar jiki, sai a tarar an yi amfani da kayan aikin Girkawa don rushe hukuncin da Girkawan da kansu suka yanke. Wurin da tunanin Girkawa ya ci nasara sosai wani wuri ne daban, kuma ba shi ne aka fi nunawa da yatsa ba.

Abu na farko da ya kamata a gyara shi ne zaton cewa akwai wani zamani da Kiristanci ya zauna a cikin Yahudanci tsantsa kafin Girkawa su shigo. Tun da Iskandar Mai Girma ya ci ƙasashen gabas, ya kafa Iskandariya a 331 kafin Miladiyya, Girkanci ya zama harshen kasuwa da mulki da karatu daga Masar har Siriya. Yahudawan Iskandariya sun soma fassara Attaura zuwa Girkanci a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, kuma wannan fassara ce marubutan Sabon Alkawari suka fi kawo ayoyi daga cikinta. Sabon Alkawari kansa gaba ɗaya da Girkanci aka rubuta shi. Martin Hengel, wani masani ɗan Jamus, ya nuna a 1969 cewa ko Yahudawan Falasɗinu sun yi ƙarnoni suna cuɗanya da al'adun Girkawa kafin a haifi Yesu. Filo na Iskandariya, Bayahude mai kiyaye Asabar da ya yi zamani da Yesu da Bulus, ya karanta Attaura da idon Aflatun, yana yi wa labaran Ibrahim da Musa tawili, yana cewa a ƙarƙashin zahirinsu akwai baɗini da ke magana kan tafiyar rai zuwa ga Allah.

Falsafar da Kiristocin ƙarni na 2 suka tarar kuwa ba ta yi kama da darasin jami'a na yau ba. Hanyar rayuwa ce, mutum yakan shige ta kamar yadda ake shiga addini, ya canza tufafi da ci da sha. Masu ita sun riga sun yi watsi da tatsuniyoyin gumakan da ke sata da zina, tun daga Zenofanis da ya ce da shanu suna da hannu da sun zana gumakansu da siffar shanu. Mabiya Aflatun na wannan zamani suna koyar da cewa akwai Allah maɗaukaki guda ɗaya, ba shi da jiki, ba ya canzawa, ba ya jin zafi ko fushi, kuma harshe ba ya iya siffanta shi. Kirista mai ilimi da ya ji haka sai ya ga abokan tafiya. Sai dai wannan koyarwa tana ɗauke da matsalarta: idan Allah ya ɗaukaka har haka, yaya za a yi ya taɓa duniyar ƙura da ruɓa? Amsarsu ita ce tsani. Tsakanin Allah da duniya akwai matakai, Hankali, sannan Ran duniya, sannan ruhohi, kowane mataki ƙasa da wanda ke samansa, allahntaka tana raguwa yayin da ake saukowa. Sitokiyawa kuma, mabiya wata makarantar falsafa daban, suna da tasu koyarwar, cewa akwai wani hankali mai tsara komai da ke ratsa halitta duka, suna kiransa Logos. Wannan tsani shi ne asalin rigimar da ta ci ƙarni uku.

Littafin Ayyukan Manzanni, a sura ta 17, ya nuna yadda haɗuwar ta kasance tun farko. Bulus ya tsaya a Tudun Arasa a birnin Atina gaban masana falsafa, Abikuriyawa da Sitokiyawa, ya fara da bagaden da suka keɓe wa allahn da ba a sani ba, ya kawo baiti daga mawaƙinsu Aratus cewa mu zuriyarsa ne, suna ta saurare. Da ya zo kan tashin matattu sai wasu suka yi masa ba'a, taro ya watse. Bisharar Yahaya kuma ta buɗe da cewa Logos, wanda Hausa ta fassara da Kalma, yana nan tun fil'azal, ta wurinsa aka yi kome. Bayahude zai ji amon farkon Littafin Farawa inda Allah ya yi halitta da magana, ɗalibin Sitokiyawa kuma zai ji abin da ya saba ji a makaranta, dukansu biyu za su gyaɗa kai har zuwa aya ta 14, inda aka ce Kalman nan ya zama jiki ya zauna a cikinmu. Babu masanin falsafa na zamanin da zai yarda da wannan jimla.

Mutum na farko da ya yi ƙoƙarin haɗa ɓangarorin biyu da gangan shi ne Jastin, haifaffen garin da yau ake kira Nablus, wanda aka kashe a Rum wajen 165. Shi da kansa ya ba da labarin yawon neman iliminsa: malamin Sitokiyawa bai ce masa kome game da Allah ba, mabiyin Aristo ya fara da maganar kuɗin makaranta, mabiyin Fisagoras ya ce sai ya koyi kiɗa da taurari da lissafin siffofi tukuna, sai a wurin mabiya Aflatun ya samu natsuwa, kafin wani tsoho a bakin teku ya nuna masa littattafan annabawa. Bayan ya zama Kirista bai tuɓe mayafin masana falsafa ba. Ya koyar da cewa Logos ya warwatsa irinsa a cikin dukan 'yan Adam, don haka Sukrat da Hiraklitus, da yake sun rayu bisa hankali, Kiristoci ne tun kafin Almasihu. Amma tsanin ya bi shi. Da ya zo bayanin wanda ya yi magana da Musa a kurmi mai cin wuta, sai ya ce ba zai yiwu Uban kome ya bar sama ya bayyana a wani ɗan lungu na ƙasa ba, don haka Logos ne ya bayyana, wanda yake a matsayi na biyu. Hujjar nan ba daga Littafin Fitowa ta fito ba.

Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, shi ne aka fi ambata a matsayin mai adawa, saboda tambayarsa cewa ina ruwan Atina da Urushalima, ina ruwan makarantar Aflatun da ikilisiya. Abin dariyar shi ne shi ma Basitoke ne a tunaninsa, har ya ce rai jiki ne, Allah ma yana da wani irin jiki, domin Sitokiyawa sun koyar da cewa duk abin da yake akwai jiki ne. Shi ne kuma ya fara tsara maganar Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da Latinanci a matsayin zati ɗaya da mutum uku. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan falsafa bai iya buɗe baki ba sai da kalmominta.

Wuri na farko da ikilisiya ta juya wa Girkawa baya ƙiri-ƙiri shi ne batun halitta. A littafin Timayus, Aflatun ya siffanta mahalicci a matsayin gwanin maƙeri da ya tarar da wani abu a hargitse ya tsara shi gwargwadon yadda abin ya yarda, Aristo kuwa ya ce duniya ba ta da farko. Ƙa'idar da kusan kowa ya yarda da ita ita ce ba a samun wani abu daga babu. Jalinus likita ya yi wa Musa ba'a a kan zaton cewa Allah zai iya yin doki daga toka don kawai ya so. Jastin ma bai ga laifin cewa Allah ya yi duniya daga wani abu marar siffa ba. Abin da ya tilasta a yanke hukunci shi ne ƙungiyoyin da ake kira Ginostik, irin mabiya Falentinus da ya koyar a Rum wajen 140, waɗanda suka tsawaita tsanin har suka ce wani ƙaramin allah jahili ne ya yi wannan duniya, jiki kuwa kurkuku ne. A wajen 180 Tiyofilus na Antakiya da Iraniyus na Liyon suka tsaya a kan cewa Allah ya halicci kome daga babu, har da ainihin abin da aka yi duniya da shi, don haka jiki da ƙasa aikin hannunsa ne masu kyau. Wannan hukunci ya ja layi guda: a gefe ɗaya Mahalicci, a ɗaya gefen dukan halitta, babu matsayi na uku. An ɗauki fiye da shekara 100 kafin a gane abin da layin nan yake nufi game da Ɗa.

A tsakanin nan ne Orijen ya yi aikinsa, kuma a wurinsa aron ya fi zurfi. An haife shi a Iskandariya wajen 185, an kashe mahaifinsa saboda bangaskiya yana saurayi, shi ma an azabtar da shi a zamanin sarki Disiyus a 250, ya rasu 'yan shekaru bayan haka. Ya jera Tsohon Alkawari a layi shida, na Ibrananci da fassarorin Girkanci, don a gwada su kalma da kalma, ya kuma rubuta littafi na farko da ya tsara tauhidin Kirista daga tushe har rassa. Ya shawarci wani ɗalibinsa da ya yi da falsafa yadda Isra'ilawa suka yi da zinariyar Masarawa, suka fito da ita suka ƙera kayan sujada. Furfuriyus, babban abokin gaban Kiristanci kuma almajirin Fulotinus, jagoran mabiya Aflatun na zamaninsa, ya ce Orijen Kirista ne a rayuwarsa amma Bagirke ne a tunaninsa. Akwai gaskiya a zargin, domin Orijen ya koyar da cewa rayuka sun wanzu kafin jikuna, suka yi sanyi suka faɗo, ya kuma yi fatan a ƙarshe dukan halitta za ta koma ga Allah. Waɗannan ra'ayoyi ne suka sa aka la'anci sunansa a zamanin sarki Jastiniyan, shekara 300 bayan mutuwarsa. Amma ya bar gado biyu da suka saɓa wa juna. Ya ce tun da Allah ba ya canzawa, ba a taɓa yin lokacin da bai zama Uba ba, don haka haihuwar Ɗa ta har abada ce, ba ta da farko. Ya kuma ce Ɗa yana ƙasa da Uba a daraja. Almajiransa suka raba gadon, kowane ɓangare ya riƙe rabi.

Wajen 318 wani limamin coci a Iskandariya mai suna Ariyus, ɗan asalin Libiya, ya fito da maganar fili. Idan Allah ɗaya ne, ba a haife shi ba, zatinsa ba ya rabuwa, kuma idan babu kome tsakanin Mahalicci da halitta, to Ɗa halitta ne, mafi ɗaukaka, wanda aka yi kome ta wurinsa, amma akwai sa'ad da babu shi. Ba daidai ba ne a ce falsafa kaɗai yake bi, domin yana da ayoyi a hannunsa: Karin Magana 8:22 inda Hikima ta ce Ubangiji ya halicce ta, da Yahaya 14:28 inda Yesu ya ce Uba ya fi shi girma. An ce ya zuba koyarwarsa a waƙoƙi don matuƙan jirgi da masu niƙa da matafiya. Rigimar ta bazu har sarki Kustantin, wanda bai daɗe da haɗe daular a hannunsa ba, ya kira majalisar Nikiya.

Atanasiyus, wanda ya halarci taron yana dikon, wato mai taimaka wa bishop, ya ba da labarin dalilin da ya sa aka fita daga kalmomin Littafi. Bishop-bishop sun so su tsaya a kan lafazin ayoyi, amma duk lafazin da aka kawo, cewa Ɗa daga Allah yake, ko shi ne ikon Allah da surarsa, sai a ga magoya bayan Ariyus suna raɗa suna ƙifta wa juna ido, domin suna da ayar da ta faɗi haka game da mutane ma. Rigimar ba a kan ayoyi take ba, a kan ma'anarsu take, don haka maimaita ayoyi ba zai raba gardama ba. Sai aka kawo kalmar homo'usiyos, wato zatinsu ɗaya ne. Kalma ce mai tarihi marar daɗi, 'yan Ginostik sun yi amfani da ita, kuma mutane da yawa suna jin tana nuna kamar an yanki Allah gida biyu. Bishop biyu kaɗai, dukansu daga Libiya, suka ƙi sa hannu aka kore su tare da Ariyus.

A nan ne nake ganin ra'ayin Harnack ya fi rauni. Idan aka tambayi mabiyin Fulotinus wane ɓangare ya fi kusa da hankali, zai nuna Ariyus, domin tsarin da ke da Allah na ƙoli da wani na biyu ƙasa da shi mai hulɗa da duniya shi ne tsanin da ya sani. Nikiya ta ɗauki kalmar falsafa ta karya tsanin da ita, ta ce allahntaka ba ta da matakai, ko dai Ɗa Allah ne cikakke ko kuma halitta ne kamar kowa. Hujjar Atanasiyus ma ba ta makaranta ba ce, ta fito ne daga ibada: Kiristoci suna yi wa Almasihu sujada, ana yi musu baftisma da sunansa, suna sa ran ceto daga gare shi, kuma halitta ba ta ceton halitta, sujada gare ta kuwa bautar gumaka ce. Mai karatu yana iya ƙin yarda da sakamakon, kamar yadda Yahudawa da Musulmi suka ƙi, amma ba zai ce daga Aflatun aka kwafo shi ba.

Sa hannu bai kashe wutar ba. An yi shekara fiye da 50 ana majalisu ana rushe su, an kori Atanasiyus daga kujerarsa sau biyar. Wani ɓangare na matsalar shi ne kayan aro ba ya rufe katara, sai da aka warware ɗinkin aka sake yanka. Kalmomi biyu, usiya da hifostasis, ma'anarsu kusan ɗaya ce a wurin masana falsafa, Nikiya ma ta jera su a matsayin abu guda, don haka wanda ya ce hifostasis uku sai a zarge shi da alloli uku, wanda ya ce ɗaya kuma a zarge shi da shafe bambancin Uba da Ɗa. Malamai uku daga Kafadokiya, Basil da ƙanensa Girigori na Nisa da abokinsa Girigori na Naziyanzus, su ne suka raba kalmomin, suka ba ta farko ma'anar zatin da ake tarayya a cikinsa, ta biyu kuma ma'anar wanda yake ɗauke da zatin, kamar yadda Bitrus da Andarawas da Yahaya suke tarayya a mutuntaka amma kowa da kansa. Basil da abokinsa sun yi karatu a Atina, sun san rabe-raben Aristo ciki da waje. Duk da haka, da Yunomiyus, ɗaya daga cikin masu adawa da Nikiya, ya yi iƙirarin cewa da hujjar hankali ya san zatin Allah sarai, su ne suka ce masa ayyukan Allah ake sani, zatinsa ya fi ƙarfin hankali. Majalisar Kustantiniya ta 381 ta tabbatar da matsayinsu. Kada a ɗauka maganar malamai ce kawai: Girigori na Nisa ya koka cewa a birnin, in ka nemi canji sai mai canji ya hau yi maka bayanin wanda aka haifa da wanda ba a haifa ba, in ka tambayi kuɗin burodi a ce maka Uba ya fi girma, in ka tambaya ko ruwan wanka ya yi zafi a ce maka daga babu aka yi Ɗa.

Inda Girkawa suka ci nasara ba tare da an yi yaƙi ba shi ne siffar Allah kansa. Allahn annabawa yana fushi, yana kishi, yana jin tausayi, Littafin Farawa ma ya ce ya yi baƙin ciki da ya halicci mutum. Kusan dukan malaman ikilisiya, masu goyon Nikiya da masu adawa da ita, sun yarda cewa waɗannan lafuzza saukowa ce zuwa ga fahimtar ɗan Adam, kuma Allah a zatinsa ba ya canzawa, wahala ba ta taɓa shi. Ba a kira majalisa a kan wannan ba domin babu mai musu. To amma addinin da ke da gicciye a tsakiyarsa ya ɗauko wa kansa nauyi da wannan ƙa'ida. Kelsus, wani mabiyin Aflatun da ya rubuta suka ga Kiristanci wajen 178, ya riga ya ce idan Allah ya sauko to ya canza daga kyau zuwa muni, ya kuma kira begen tashin jiki begen tsutsotsi. Da Nikiya ta ce Ɗa Allah ne cikakke, tambayar ta ƙara tsanani: wane ne ya ji yunwa, wane ne ya yi kuka, wane ne ya mutu? Nastoriyus, bishop na Kustantiniya, ya ƙi a kira Maryamu mahaifiyar Allah, an kuma ruwaito ya ce ba zai kira jaririn wata biyu ko uku Allah ba. Kirilus na Iskandariya ya dage cewa Kalman ne da kansa ya sha wahala a cikin jikinsa, ba tare da wahalar ta taɓa allahntakarsa ba. Majalisar Afisa ta 431 ta tsige Nastoriyus, ta Kalsidon kuma a 451 ta ce Almasihu mutum ɗaya ne a cikin ɗabi'a biyu, ba cakuɗewa, ba canzawa, ba rabuwa, ba warewa. Duka huɗun korewa ne, suna faɗin abin da ba a yarda a ce ba, ba su bayyana yadda abin yake ba.

Haka batun rai. Jastin da Iraniyus sun ƙi yarda cewa rai ba ya mutuwa bisa ɗabi'arsa kamar yadda Aflatun ya koyar, sun ce yana rayuwa ne domin Allah ya so, kuma ƙa'idar bangaskiya ta ci gaba da cewa ana sauraron tashin matattu. Amma a wa'azi da addu'ar jana'iza, hoton ran da ya kuɓuta daga jiki ya tafi sama ya rinjayi hoton kaburbura suna buɗewa, kuma raina jiki da aure da ya bazu a cikin wasu masu zuhudu yana da ƙanshin makarantun Girkawa fiye da na Attaura. Agustin, ɗan garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya faɗi da bakinsa cewa littattafan mabiya Aflatun da ya karanta a Milan a 386 ne suka koya masa cewa Allah ba jiki ba ne, mugunta kuma ba wani zati ba ne, rashin alheri ce, kuma da wannan ne ya rabu da ragowar koyarwar addinin Mani da ya yi shekara tara a ciki. Ya ce ya samu Kalma na fil'azal a cikinsu, amma bai samu Kalman da ya zama jiki ba.

An biya farashi mai tsada. Yahudawan da suka bi Yesu suna kiyaye Attaura, irin waɗanda ake kira Ebiyonawa, suka zama 'yan bidi'a a idon ikilisiyar da ta samo asali daga kakanninsu, suka shuɗe a hankali. Kalmar ɗabi'a kuma ta raba ikilisiya rabuwar da ba ta ɗinke ba: Kibɗawan Masar da Habashawa da Armeniyawa da wani ɓangare na Suryaniyawa suka ƙi Kalsidon, Ikilisiyar Gabas da ke ƙasar Farisa kuma ta riga ta kama tata hanyar tun bayan Afisa. Sai a 1973 Fafaroma Paul na 6 da Fafaroma Shenouda na 3 na Kibɗawa suka sa hannu a kan sanarwar da ta furta bangaskiya guda game da Almasihu, ba tare da an tilasta wa kowa lafazin Kalsidon ba.

Wannan rabuwa ce ta sa kowane ɓangare ya rungumi manɗiƙin Aristo don kare matsayinsa, domin ba a iya jayayya kan zati da ɗabi'a sai an san ma'anarsu. Malaman Suryaniyawa irin Sarjiyus na Reshaina, wanda ya rasu a 536, suka fassara littattafan manɗiƙi zuwa harshensu, suna koyar da su a gidajen sufayensu, har da gabatarwar da Furfuriyus ya rubuta wa manɗiƙin Aristo, duk da cewa shi ne ya rubuta littafi 15 na sukar addininsu. Daga hannunsu ne aikin ya shiga Larabci. Timotawus na 1, shugaban Ikilisiyar Gabas a Bagadaza, ya fassara wa halifa Mahadi littafin Aristo kan dabarun jayayya wajen 782, Hunainu ɗan Ishaƙa da ya rasu a 873 kuma Kirista ne. Sunan gabatarwar Furfuriyus ya zama Isaguji a Larabci, kuma a kan wannan turba ce Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da almajirai ke karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato, ya tsara waƙensa na manɗiƙi mai suna Sullam. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi a kan halaccin wannan ilimi, Suyuɗi yana haramta shi saboda daga kafirai ya fito, Magili yana cewa ana karɓar gaskiya ko daga bakin wa ta fito.